Zauren Kwamfuta: Faifan Biki Ya Ƙi Yi a Gidan Uwar Amarya

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato faifan CD ko DVD da na'urar da ke buga shi, ma'ana ta rubuta kaya a kansa. A shagona nan Birnin Kebbi sai mutum goma su shigo da filas ko memori kafin ɗaya ya shigo da faifai, amma wannan ɗayan yawanci shi ne mai babbar damuwa. Ko bikin aure ne a hannunsa, ko hoton da aka ɗauke shi a asibiti, ko karatun wani malami da ya riga mu gidan gaskiya. Na ɗauki biyar daga cikin wasiƙun, na taƙaita su saboda wuri, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Argungu. Makon jiya na haɗa wa wasu aikin aure, na tura a faifan DVD+R guda shida. A kwamfutata duk suna yi. Uwar amarya ta sa nata a na'urarta ta gida, ya nuna wai babu faifai. Na ango kuma yana farawa lafiya, in ya yi nisa sai ya dinga tsayawa yana yayyankewa. Abokin sana'ata ya ce laifin fulos ne, in koma sayen mainos. Mi ad dabara? Sun riƙe mini cikon kuɗina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa su cika maka haƙƙinka. Abin da abokinka ya faɗa ya taɓa zama gaskiya, amma a yau ina ganin an bar jaki ne ana dukan taiki.

Asalin fulos da mainos, wato alamar + da alamar - da ke cikin sunan faifai, rigimar kamfanoni ce. Kamfanin Pioneer na Japan ne ya fito da DVD-R a 1997. Daga baya wasu manya, cikinsu har da Philips da Sony da HP, suka ware suka kafa tasu ƙungiyar, suka fito da DVD+RW, sannan DVD+R a 2002. Faɗin faifan ɗaya ne, abin da yake ɗauka kusan ɗaya ne. Bambancin yana cikin yadda aka shata siririn layin da hasken leza ke bi lokacin rubutu, abin da idonka ba zai taɓa gani ba. A shekarun farko na'urar da ke buga wannan ba ta buga wancan, kuma wasu na'urorin kallo da aka ƙera kafin fulos ya fito ba su san shi ba. Na ga haka da idona lokacin da na fara wannan sana'a. Amma tun wajen 2003 na'urori masu cin duka biyun suka fara yawa, har ya zama duk wadda ka saya sabuwa yau ba ruwanta da fulos ko mainos. In dai na'urar Hajiya ba ta haura shekara ashirin ba, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ciwo biyu ka kawo mini, kuma maganinsu daban.

Na uwar amarya tukuna. Mayar da faifan cikin kwamfutarka, kada ka kunna shi, buɗe shi kawai ka ga abin da ke ciki. In ka tarar da jaka mai suna VIDEO_TS, cikinta da fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP, to faifan kallo ka buga. In kuwa abin da ka gani shi ne fayil ɗinka na MP4 zaune shi kaɗai kamar yadda yake a filas, to ajiya ka yi, ba faifan kallo ka buga ba. Kwamfuta za ta buɗe shi, wasu sababbin na'urori ma za su buɗe, amma da yawa daga na gidajenmu ba su jin wannan yaren. Su abin da suka sani shi ne bidiyon da aka juya zuwa MPEG-2 aka jera a cikin waccan jakar. Jawo fayil ka jefa kan faifai ba ya yin wannan aikin, sai da manhajar haɗa DVD, irin su Nero ko DVDStyler, wadda ita kyauta ce. In ta tambaye ka tsarin hoto ka zaɓi PAL, shi ne na Najeriya.

Akwai kuma rufe faifai. Idan ka sa sabo, Windows kan tambaye ka ko kana son amfani da shi kamar filas ne. Mutane da yawa suna amsa e, don ya fi sauƙi. To wannan yana barin faifan a buɗe don a ƙara masa kaya gobe, kuma faifan da ba a rufe ba shi ne na'urar gida ke yawan cewa ba ta ga komai ba. Manhajar haɗa DVD da kanta take rufewa idan ta gama. In ka tabbatar jakar tana nan, faifan kuma a rufe yake, amma har yanzu ya ƙi, sai a lokacin za ka zargi fulos. Gwada mainos ɗaya ka kai mata. Ko kuma, in na'urar bugunka ta yarda, a cikin manhajar buga faifai mai suna ImgBurn akwai wurin da ake sa faifan fulos ya gabatar da kansa a matsayin DVD-ROM, wato irin na kamfani, tsohuwar na'ura sai ta karɓe shi. Mainos ba ya yin wannan dabarar.

Na ango kuwa ban ma buƙaci ganinsa ba. Faifai daga tsakiya ake fara rubuta shi, ana fita zuwa baki. Abin da ke riƙe rubutun wani rini ne da aka shimfiɗa a ciki, hasken leza yana ƙona shi ɗigo-ɗigo. A faifan araha rinin ba ya shimfiɗuwa daidai, musamman can wajen baki, kuma a nan ne na'ura ta fi gudu idan ka sake mata linzami. Shi ya sa ɗaurin aure ke fita tas, sai an zo kai amarya hoto ya fara daskarewa. Juya faifan ka duba bayansa a haske. Sau da yawa za ka ga launin bai tafi bai ɗaya ba, akwai dabbare-dabbare ko zobe mai duhu kusa da baki.

Abu uku nake yi a shagona ga duk aikin da za a biya ni. In an rubuta 16x a jikin faifai, wato iyakar gudun bugunsa, a 8x ko 6x nake bugawa. A 16x cikakken faifai kan gama cikin minti shida ko kusa da haka, a 8x wajen minti tara zuwa goma. Minti huɗun da kake tserewa su ne suka riƙe maka kuɗi yanzu. Sauri ya haifi nawa. Kada kuma ka ce za ka koma can ƙasa 1x ko 2x, domin faifan zamani ba don wannan tafiyar aka yi rininsa ba. Na biyu, ba na cika faifai maƙil, ina barin ɗan fili a baki. Na uku, ina sa alama a wurin da manhaja ke cewa ta sake karanta faifan bayan ta gama, ta gwada shi da asali. In ya faɗi wannan jarrabawar, kwandon shara ya nufa, ba hannun mai biki ba. Kuma kada ka fara bugu a kwamfutar tebur alhali ana shirin juya layi daga NEPA zuwa janareto. Ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta kashe faifan.

Wani abin da masu sana'arku ke yi wanda ba na so: cusa awa huɗu a faifai ɗaya. DVD na yau da kullum awa biyu yake ɗauka da hoto mai kyau. In ka matsa masa, leshin amarya sai ya koma dabbare, fuskokin 'yan rawa su farfashe. Akwai mai hawa biyu, wanda ake rubuta wa DL, yana ɗaukar giga 8.5, amma ya fi tsada, kuma a daidai inda na'ura ke tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu tsofaffin na'urori kan yi tuntuɓe. Ni dai gara ka raba: ɗaurin aure da kamu a faifai ɗaya, yinin biki da kai amarya a na biyu. Ka sake buga musu shidan a faifai mai kyau, ka ɗauki ɗaya ka je gidan Hajiya da kanka a kunna a gabanka.

TAMBAYA: Malam, ni shugabar wata makarantar Islamiyya ce a Jega. Lokaci-lokaci ana buƙatar mu kai sunaye da hotunan ɗalibai a CD. Laftof ɗina ba ta da wurin sa faifai. Akwai kuma wata tsohuwar kwamfutar tebur a ofis wadda nata ya lalace. Wace na'ura zan saya, kuma me zan duba don kada a cuce ni?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan hidimar yara. Tunda laftof ce abokiyar aikinki, sayi ta waje, wadda ake haɗawa ta USB. Siririya ce, ba ta fi ƙaramin littafi ba, tana shiga jaka, kuma za ta yi miki aiki a kwamfutocin biyu. Ba ta buƙatar a saka mata wata manhaja kafin Windows ta gane ta.

A jikin kwali ko a goshin na'urar ki nemi ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubuce: DVD±RW, ko DVD Multi Recorder, ko Super Multi. Duk wadda ke ɗauke da ɗayansu tana buga CD da DVD, fulos da mainos, mai gogewa da marar gogewa. In abin da aka rubuta DVD-ROM ne kawai, karatu take yi, ba ta rubutu, ki ajiye musu kayarsu. Sunayen da na daɗe ina aiki da su su ne LG da ASUS da Lite-On. Akwai marasa suna masu kyan kwali da araha, waɗanda in aka buɗe cikinsu sai a tarar tsohuwar na'urar laftof ce aka cire aka sa wa sabuwar riga. Wasu suna yi, wasu wata biyu ne.

Kada mai shago ya ja ki da maganar gudu. Siraran nan kusan duk 8x suke buga DVD, CD kuma 24x, kuma aikinki bai fi ƙarfin haka ba. Sunaye da hotunan fasfo na makaranta guda ba za su cika CD ɗaya mai megabait 700 ba, cikin 'yan mintoci an gama. Kada kuma ki biya kuɗin mai buga Blu-ray. Faifansa yana ɗaukar giga 25, amma na'urar ta ninka tsada, faifan yana wuyar samu a kasuwanninmu, wanda za ki kai wa aikin ma da wuya ya iya buɗe shi.

Ki lura da igiyar. Na'urar daga jikin laftof take shan wuta, kuma lokacin bugu ta fi sha. Shi ya sa wasu ke zuwa da igiya mai kai biyu. In taki haka take, ki soka duka biyun, ko da kin ga tana karatu da ɗaya. Na sha ganin wanda ya kawo mini tasa wai ta lalace, tana farawa sai ta tsaya a tsakiya, ashe kai ɗaya ya bari yana reto. Ki soka ta kai tsaye a jikin laftof, ba ta cikin ɗan akwatin nan mai ƙara ramuka ba. Ki kuma dubi ramukan laftof ɗinki kafin ki fita kasuwa, domin wasu sababbi ƙananan ramukan USB-C kawai gare su, sai da mahaɗi.

In kin fi son a gyara ta ofis, ta ciki ta fi araha, ta fi ƙarfi, takan kai 24x, kuma ita nake ba mai bugu da yawa shawara ya saya. Sai dai a buɗe gefen kwamfutar a ga irin igiyar da ke bayan tsohuwar. In faffaɗa ce shimfiɗaɗɗiya kamar ɗamara, mai ramuka 40, IDE ce, tsohon yayi, sai dai ki samu ta hannu. In siririya ce kamar faɗin yatsa, SATA ce, ita ake samu sabuwa. Ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya.

Ga abin da na fi so ki riƙe, musamman in ta hannu za ki saya. Na'urar nan haske biyu gare ta, ɗaya na CD, ɗaya ja na DVD, kuma ɗaya kan mutu ya bar ɗaya. Mai shago zai sa miki fim ya yi, ki biya, ki koma Jega ki tarar ba ta ganin CD, alhali CD ne aikinki. Kuma karatu ya fi rubutu sauƙi, na'urar da ƙarfinta ya ragu takan ci gaba da karantawa bayan ta daina iya bugawa. Don haka ki tafi da sabon CD-R ɗaya da sabon DVD ɗaya a jakarki, a buga duka biyun a gabanki, a cire, a mayar, a buɗe. Kada ki yi cinikin biri a sama. Mai kayan kirki ba zai ƙi ba. In kin kawo ta gida, ki riƙa ajiye ta a leda ko cikin aljihun tebur, domin ƙurar hunturu in ta kwanta a kan idonta sai ta fara ƙin faifai mai lafiya.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ɗalibi ne a jami'ar da ke Aliero. A jikin faifai an rubuta 4.7GB, aikina kuma 4.5 ne, amma kwamfuta ta ce wuri bai isa ba. Jabu aka sayar mini?

AMSA: A'a ƙanena, faifanka lafiya lau. Mudu biyu ne ake awo da su. Masu ƙera faifai suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif. Windows kuma da 1,024 take ninkawa a kowane mataki, ba 1,000 ba, don haka gigarta ta fi girma. Abin da kamfani ya kira 4.7, ita a wurinta kusan 4.38 ne. Mai hawa biyu da aka rubuta wa 8.5, za ka ga ta nuna kusan 7.95. Rage aikinka ya dawo ƙasa da 4.3, ko ka raba shi biyu.

TAMBAYA: Malam, na sayi laftof ta hannu a nan Zuru. Tana kunna fim na DVD, tana buga CD, amma in na sa sabon DVD sai ta ƙi. Kuma jiya tiren ya maƙale da faifan mutane a ciki.

AMSA: Dubi rubutun da ke bakin tiren. Ina kyautata zaton za ka ga CD-RW/DVD-ROM, ko alamar CD mai rubutu kusa da alamar DVD-ROM. Wannan ita ake kira kombo, an yi yayinta a laftof na shekarun 2000. Haka aka ƙera ta: ta buga CD, ta karanta DVD, iyakarta ke nan. Babu manhajar da za ta koya mata abin da ba a gina ta da shi ba, kada wani ya karɓi kuɗinka a kan haka. Ko dai ka sayi ta USB kamar yadda na gaya wa Malama a sama, ko a canja maka ta cikin. In canji za a yi, a tafi da tsohuwar kasuwa, domin kaurinsu iri biyu ne, milimita 12.7 da 9.5, mahaɗin bayansu ma ba ɗaya ba ne.

Faifan mutane kuwa, kada ka sa wuƙa ko sukundireba. Kashe kwamfutar. Kusa da maɓallin buɗewa akwai wani ɗan rami kamar na allura. Miƙar da ƙarfen maƙale takarda, ka tura a hankali har ka ji ya danna wani abu, tiren zai turo kai, sai ka ja shi da hannu.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne a Gwandu. Jikana ne ke rubuta maka wannan da bakina. Muna da tafsirin marigayi malaminmu na azumi da yawa, an juyo shi daga kaset zuwa kwamfuta. Kwamfutar ta tsufa, ina tsoron ranar da za ta ƙi tashi. Jikana ya ce a zuba a faifai mai RW don in an yi kuskure a goge. Wane faifai ne zai riƙe muryar nan har bayan ranmu?

AMSA: Baba, ranka ya daɗe, Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun nan ya zama hujja gare shi. Wasiƙarka ce na fi daɗewa a kanta, domin abin da kake tsoro ya taɓa samuna.

Shekarun baya na zauna da kawuna kwana uku, yana ba ni tarihin gidanmu, waye ya haifi wa, daga ina aka taso, ina aka yada zango. A kaset na ɗauka. Da na sami kwamfuta sai na juye a CD guda biyu daga cikin masu arahar da nake sayarwa, na rubuta sunansa a kai da biro, na jefa a aljihun tebur kusa da taga. Kaset ɗin kuma na ba wani yaro ya ɗauki waƙa a kai, don a ganina an wuce zamaninsa. Bayan rasuwar kawu 'ya'yansa suka zo neman muryar mahaifinsu. Na ɗauko faifan, na ɗaga shi a haske, sai na ga rana tana ratsowa ta wasu ƙananan huji, azurfar saman ta fara ɓarewa daidai inda biro ya bi. Na kwana biyu ina fama. Abin da na ceto bai kai minti ashirin ba, har yau kuma in na haɗu da babbar 'yarsa sai na ji nauyi. Tun daga ranar na daina ajiye irin wannan faifan a shagona.

To ga amsarka. Kada a sa a RW. Harafin R shi kaɗai yana nufin rubutu sau ɗaya, in an rufe an rufe ke nan. RW kuma an yi shi ne don a rubuta a goge, har wajen sau dubu, ya dace da aikin yau da gobe. Abin da jikanka ya gani a matsayin amfani shi ne haɗarin: wata rana wani yaro zai buƙaci faifai, ya ga wannan yana goguwa. In an yi kuskure a R, asarar faifai ɗaya ce, a ɗauki wani.

Tsakanin CD da DVD kuma, DVD za a saya, fulos ko mainos duk wanda aka samu mai kyau. Dalilin farko ginin jikinsa. A CD, rubutun yana can sama, dab da ƙarƙashin fentin da ake rubuta suna a kai, shi ya sa biro ya kashe nawa. DVD kuwa faranti biyu ne aka manne, kowanne kaurin milimita 0.6, rubutun yana tsakiyarsu a killace. Dalili na biyu yawan abin da yake ci. In aka buga karatu a matsayin CD irin na rediyon mota, minti 80 kawai zai ɗauka. In kuwa MP3 ne, a ma'aunin kilobit 64 a daƙiƙa, wanda ya wadatar da muryar mai karatu, awa ɗaya ba ta kai megabait 30 ba. Tafsirin azumi guda, a ce awa biyu kullum har kwana talatin, bai kai giga biyu ba. Ke nan faifai ɗaya zai ɗauki azumi biyu har da saura. Ni dai zan so a ba kowace shekara faifanta, don in ɗaya ya samu matsala kada ya tafi da biyu. In kuma an riga an juyo karatun a ma'auni mafi girma, a bar shi yadda yake, kada a matse shi don tsimin faifai.

Wajen saye, araha ba ta ado. Ni Verbatim nake nema, masu rubutun AZO a jiki, amma sunan da ke kan kwali ba ya wadatarwa, domin ana yin jabunsa. Kowane faifai yana ɗauke da lambar masana'antar da ta ƙera shi a ciki, kuma ImgBurn tana nuna ta da zarar an sa shi. Jikanka ya sayi ɗaya tukuna ya duba. In lambar ta fara da MCC ko TY, alama ce mai kyau, sai ya koma ya sayi sauran. Akwai wani nau'i da ake kira M-DISC, wanda ba rini ne a cikinsa ba, wani abu ne mai kama da dutse da leza ke sassaƙawa. Masu shi suna cewa zai yi shekara dubu. Wannan faɗarsu ce, amma ya fi na rini jure zafi da haske. Yana da tsada, sai an yi saƙonsa, kuma sai na'urar da ke ɗauke da tambarinsa ke buga shi. In akwai mai zuwa Kano ko Legas cikin almajiran Malam, ya cancanci a nema.

Ajiya ita ce rabin aikin, kuma ƙasarmu ba ta raga wa faifai. Ka san zafin Afrilu a nan, ya haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje. Rana da zafi da laima su ne ke cinye rinin. A sa kowane faifai a gidansa na roba mai tauri, a jera su a tsaye kamar littattafai, a cikin akwati, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, irin wanda ake ajiye littattafan malamai, ya fi kowane shago na zamani. A rubuta suna da alƙalamin maka mai laushin baki, can tsakiya kusa da rami inda babu rubutu. Kada a manna takarda. A riƙe shi ta baki, in ya yi ƙura a share da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa waje, ba a zagaye ba.

Baba, a garinku akwai takardun da aka rubuta da tawada tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, shekara ɗari biyu ke nan ana karanta su. Babu faifan rini da zan yi maka alkawarin zai yi haka. Abin da ya tsare waɗancan littattafai shi ne almajirai sun yi ta kwafa, kowane gida da nasa, kuma haka za a yi wa muryar Malam. A buga kwafi uku na kowace shekara. Ɗaya a wurinka, ɗaya a gidan iyalan Malam, ɗaya a wani gari daban, ko Birnin Kebbi ko Sakkwato, wurin almajirin da aka amince da shi. A ƙara da kwafi a had dis na waje, wanda ba a kunna shi sai don wannan. Filas da memori na raba wa jama'a ne su saurara, ba na ajiya ba. Duk shekara biyu, in Sha'aban ya kama, jikanka ya fito da su ya gwada ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fara wuyar buɗewa a sake buga shi daga ɗan'uwansa. Kaset ɗin asali kuma, don Allah kada a zubar, kada a ba kowa.

Kwamfutar da ka ce ta tsufa ita ce abin gaggawa. Kada a jira sayen faifai. Yau ɗin nan jikanka ya kwafe komai zuwa wani wuri, ko aron had dis ne. In ya shigo Birnin Kebbi ya zo da shi shago, mu buga na shekarar farko tare ya ga yadda ake yi, sauran ya ƙarasa a gida.